Kunnen 'Yar Barkono

A layin masu figar kaji, can ƙuryar kasuwa inda kwata ke gudu da jan ruwa, babu wanda ya san ta da wani suna sai Barkono. 'Yar firit ce, in ta tsaya kusa da duron ruwan zafi da kaɗan ta fi shi tsawo, amma ƙartin da ke sauke kejin kaji daga mota sun san iyakarsu da ita. Ta taɓa cizon wani ɗan kamasho a damtse, sai da aka sheƙa musu bokitin ruwa kafin ta saki. Ta taɓa maka wa mai yanka jiƙaƙƙiyar kaza a fuska don kawai ya nuna ta da wuƙa yana magana.

Ba a kasuwa ta koyi faɗa ba. Ita kaɗai ce mace cikin maza shida, ubansu mai facin taya ne, kuma kwano ɗaya ake ajiye musu. Wanda bai iya kai naushi ba, cokali biyu zai samu. Ta yi aure sau ɗaya, da wani direba, shekara uku. Ranar da ya fara ɗaga mata hannu ta ɗauki murfin tukunya ta buɗe masa goshi, ɗinki bakwai. Daga asibiti ya aiko mata da takardar saki, ta fito da goyon 'yarta da buhun kayanta, ta kama ɗaki ɗaya a bayan kasuwa.

Aikinta kuwa ta iya shi, ko maƙiyinta ya shaida. Mai yanka zai yanka ya jefa kazar cikin duro tana shure-shure, Barkono ta cafko ta ta ƙafa, ta tsoma a tafasasshen ruwa, ta fizge gashin tas, ta farke ciki, ƙundu gefe, hanji gefe. Kafin azahar ta gama da kaza arba'in. Fatar hannunta ta daɗe da daina jin zafi.

A ƙarƙashin teburin nan 'yarta ta yi wayo. Cikin kwali aka fara kwantar da ita, tsakanin keji da buhun busasshen gashi. Barkono tana kiranta Mamana, saboda sunan kakarta ta ci, amma 'yan layi Atishawa suke ce mata. Yarinyar ba ta yin atishawa ɗaya ta tsaya, sai ta jero bakwai ko takwas, idanu suna ruwa, hanci yana zuba kamar famfon da ya lalace. Kullum tana murza hancin sama da tafin hannu har wani layi ya fito a kansa. Da baki take numfashi, in ta yi barci kuma minsharinta ya fi na tsoho.

"Mura ce," in ji Gwaggo Mai Ƙundu, tsohuwar da ke teburin kusa. "Wasu yaran da ita ake haifarsu."

Sai kunne ya shigo ciki. Duk bayan wata biyu ko uku yarinyar za ta kama kunne tana ihu, jiki ya yi zafi rau. Barkono ta je wajen mai kemis ya haɗa mata magani, kwana huɗu abin ya lafa, a manta. Abin da bai lafa ba shi ne rashin amsa kira.

"Mamana! Miƙo min roba!"

Shiru. Yarinya tana zaune taku uku daga uwarta, ta ba ta baya, tana wasa da murfin kwalba.

"Ke! Ba da ke nake ba?"

Sai dai ta ji saukar silifa a gadon baya. Ta zabura ta juyo, baki buɗe, tana kallon uwarta kamar ba ta san laifinta ba. Wannan kallon shi ya fi ƙona wa Barkono rai. "Kunnen ƙashi! Na ubanki kika ɗauko!" Ta dake ta da silifa, ta dake ta da ludayin kwasar ruwa, wata rana ma da igiyar ɗaure kaji. In an ce mata ta sassauta, sai ta ce 'yarta ce, ita ta yi naƙudarta, wanda ya ga bai yi masa ba ya je ya haifi tasa. Amma wani ya kuskura ya harari yarinyar, ranar layin ba ciniki.

Shekarar yarinyar bakwai, tana aji biyu, abin ya faru. Kwana biyu tana kukan kunnen hagu, Barkono ta ba ta ragowar maganin da ke gida ta tura ta makaranta. Wajen sha ɗaya na safe sai ga ta ta dawo ita kaɗai, ta tsaya a bakin tebur. Kafaɗar rigar makarantarta ta jiƙe da wani ruwa rawaya haɗe da jini, yana gangarowa daga kunne ta wuya.

Kazar da ke hannun Barkono ta faɗi cikin kwata.

"Wa ya taɓa ki?"

Yarinyar ta zuba wa bakin uwarta ido.

"Na ce wa ya taɓa miki kunne!" Ta girgiza ta har haƙoranta suka haɗu.

"Malam ne ya taɓa..."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Gwaggo Mai Ƙundu ta riƙo mata zani tana cewa, "Tsaya, 'yar nan, ki ji ba'asi," ta fizge, tsohuwar ta zauna daɓas cikin baho. Ko hannu ba ta wanke ba. Da jinin kaji har gwiwar hannu, da gashi manne a goshi, ta ratsa kasuwa, mutane suna darewa.

Maigadin makaranta ya tare ƙofa da sanda, ta bi ta ƙarƙashin hannunsa. Aji biyu na ƙarshen baranda. Malamin dattijo ne, dogo, siriri, da tabarau mai kauri, saura shekara biyu ya ajiye aiki. Yana rubutu a allo, ya juyo da alli a hannu, ya gane ta, har ya fara murmushi.

"Yauwa, maman yarinya, dama ina so..."

Kai ta sa masa a ƙirji. Ya yi baya ya bugu da allo, tabarau ya faɗi, ta taka shi ya ruƙushe. Yara suka ɗauki kururuwa, wasu ta taga suka fita. Dattijon ya kai hannu yana laluben tebur, ta shaƙo kwalarsa ta jawo shi ƙasa, ta hau ruwan cikinsa tana kirɓa masa naushi a fuska.

"Kai ka haifa min ita? Kai ka haifa min ita?"

Akwai wata karyayyiyar ƙafar benci da yake nuna rubutu da ita a allo. Ta rarumo ta. Sau biyu ta sauke masa a gefen fuska, a na biyun kowa ya ji ƙarar ƙashi. Jini ya fantsama a kan littattafan da ke tebur. Malamai uku da maigadi suka taru kafin su ɓamɓare ta, ta ciji ɗaya a yatsa, ta shuri ɗaya a mara. Malam yana kwance, bakinsa ya karkace, yana ta lalube a ƙasa yana neman tabarau.

A caji ofis ma ba ta yi laushi ba. Ta doki teburin 'yan sanda tana cewa a kamo shi shi ma, ya fasa wa 'yarta kunne. Babban wanta, tela ne, mutum mai sanyi wanda duk gidan shi kaɗai bai gaji faɗa ba, ya zo ya tsaya mata. Kofur ɗin da ke kan aiki ya ce, "To, baiwar Allah, in haka ne ki kai yarinya asibiti likita ya rubuto. Takarda ce za ta yi magana a kotu, ba ihu ba."

Washegari ta ja yarinyar asibiti tana taku kamar wadda za ta karɓo kyauta. Likitar matashiya ce, ga wata nas ƙatuwa tsaye a bayanta.

"Likita, rubuta min kawai. Mari ne. Malaminsu ne ya fasa mata dodon kunne."

"Bari in duba tukuna, mama."

Ta goge kunnen hagu a hankali, ta leƙa da 'yar fitila. Ta juya yarinyar ta leƙa na dama, ta daɗe a nan. Sannan ta ɗaga mata kai ta haska hanci.

"Kunne na kawo miki, ba hanci ba," in ji Barkono.

"Tun yaushe take wannan atishawar?"

"Tun tana zanin goyo. Meye haɗinsa?"

"Tana minshari? In an kira ta daga baya tana amsawa?"

Barkono ta kalli silifar da ke ƙafarta.

Likitar ta ajiye fitilar. "Dodon kunnen ya huje, gaskiya ne. Amma ban ga alamar duka ba, babu kumburi a waje, babu rauni. Daga ciki ya fashe. Mugunya ce ta taru a bayansa har ya kasa ɗauka. Kuma na daman da ba wanda ya taɓa, shi ma cike yake da ruwa."

"Ƙarya ne! Sun riga ni zuwa wajenki!"

Ta yi tsalle ta cakumi farar rigar likitar, maɓalli biyu suka tsinke. Nas ɗin ta ɗauke ta cak ta baya, ƙafafunta suna lilo, ta dasa ta a kujera ta danne mata kafaɗu.

"Nan ba kasuwa ba ce," in ji nas. "Ki zauna ki ji, ko in zauna a kanki."

Likitar ta gyara rigarta, ta jawo takarda ta zana hanci da kunne, ta ja wani siririn layi tsakaninsu.

"Kin ga wannan? Wata 'yar hanya ce daga bayan hanci zuwa cikin kunne. Ta nan iska ke shiga, ta nan ruwa ke fita. A yara gajeriya ce, ƙanƙanuwa, abu kaɗan ke toshe ta. Abin da ke damun 'yarki ba mura ba ce ta yau da kullum, alaji ne. Akwai abin da take shaƙa wanda jikinta ba ya shiri da shi, cikin hancin ya kumbura, bakin hanyar nan ma ya kumbura ya rufe. Ruwa ya taru a kunne ba mafita, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Ba kowane ciwon kunne ne daga nan ba, amma nata, yadda yake tafiya yana dawowa, ina kyautata zaton daga hancin ne. Yarinyar nan ta daɗe tana jin magana kamar wadda aka tura kanta cikin ruwa. A ina take wuni?"

"A wajen sana'ata."

"Wace sana'a?"

Barkono ta kalli hannayenta. Akwai wani ɗan farin gashin kaza maƙale a ƙarƙashin farcenta. Nas ta ɗage hannu daga kafaɗarta, ba ta motsa ba.

Likitar ta durƙusa gaban yarinyar, ta yi magana da ƙarfi, a hankali. "'Yan mata, me Malam ya yi miki jiya?"

"Ina kuka ne, sai ya ce in zo. Ya taɓa kunnena ya duba. Sai ruwa ya fito, sai ya daina ciwo. Ya goge min da hankicinsa, ya ce in je in kira Mama mu tafi asibiti." Ta juya ga uwarta. "Shi ya dawo da ni bencin gaba. Sau uku yana ba ni takarda in kawo miki."

Barkono ta tuna takardun. Ba ta iya karatu ba, kuma ba ta son a san haka a layi. Da su ta hura wutar duro.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Kin tafi."

Aka ba su maganin sha, da na fesawa a hanci, aka koya mata wanke hancin da ruwan gishiri, aka ce kada ruwa ya shiga kunnen, a dawo bayan sati biyu. Takardar da ta zo nema ma an rubuta, sai dai ba abin da take so ke ciki ba.

Kwana biyar bayan haka aka sallamo Malam, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya. Wanta ya ce ta bari sai ya tara manya su je gidan Malam tare su ba da haƙuri, ta ƙi. Ita kaɗai ta je gidan da hantsi, ta yi sallama a tsakar gida. Matar Malam tana wanki. Ta ɗago, ta gane ta, ba ta amsa sallamar ba. Ta ɗauko jiƙaƙƙen zani daga baho, ta murɗe shi, ta zabga mata a fuska.

Barkono ta ji hannayenta sun dunƙule da kansu. Ta mayar da su baya, ta riƙe ɗaya da ɗaya.

"Shekara talatin yana koyar da 'ya'yan mutane!" Matar ta sake zabga mata. "Ko kaza bai iya yankawa ba! Da cokalin shayi nake ɗura masa abinci!" Ta jefar da zanin ta ɗauki itacen girki. 'Ya'yanta mata biyu suka fito, ɗaya ta finciko mata ɗankwali, ɗaya ta hankaɗa ta ta faɗi kan baho. Itacen ya sauka a kafaɗa, ya sauka a baya, ya sauka a goshi, jini ya rufe mata ido ɗaya. Maƙwabta suka cika ƙofa, waɗanda suka san ta suna jiran su ga ta tashi ta watsa gidan. Tana durƙushe, hannu a baya, ba ta rama ba.

Buga ƙofa da aka yi daga ciki ne ya tsayar da su. Malam ne tsaye a bakin ɗaki, fuska a kumbure, idon hagu a rufe da bandeji. Ya yi wa matarsa alama da hannu ta bari. Ya ɗauki biro ya rubuta wani abu a bayan kwalin magani, ya miƙa wa babbar 'yarsa. Ta karanta a ranta, ta yi tsaki.

"Baba, wannan matar?"

Ya nuna kwalin.

"Ya ce, an kai yarinyar asibiti?"

Barkono ta share jinin da ke idonta. Ta gyaɗa kai. Ya juya ya koma ɗaki ya rufe ƙofa. Bai ce ya yafe ba, kuma bai janye ƙara ba.

Alƙali ya ba ta wata uku. A gidan yari ma ta yi faɗa sau biyu, ɗaya a kan bargo, ɗaya a kan layin famfo. Yarinyar ta koma gidan kawunta tela, inda babu keji, babu buhun gashi. Matar kawun ce ke fesa mata magani safe da yamma, tana mayar da ita asibiti a kan lokaci. Cikin sati uku atishawar ta ragu, minsharin ya tsaya. Hujin kunnen hagu ya rufe da kansa. Na dama ya fi taurin kai, sai da aka yi wata biyar kafin ruwan ya janye, kuma har yau jinsa bai kai na ɗayan ba.

Ranar da Barkono ta fito, ta tsaya a zauren gidan wanta, ta hango yarinyar tana wanke kofi, ta ba ta baya. Ba ta ɗaga murya ba. "Mamana." Yarinyar ta juyo, ta ajiye kofin, amma ba ta rugo ba. Sai da ta duba hannun uwarta ta ga ba komai a ciki, sannan ta taho.

Figa ba ta bari ba, don ba ta da wata sana'ar. Amma ta bar ɗakin bayan kasuwa ta koma unguwar wanta, kuma ta kafa doka: kada yarinyar ta ƙara taka layin kaji. Kullum in an tashi, Barkono za ta yi wanka a banɗakin kasuwa, ta canja kaya, ta ƙulle na aiki a leda ta bar su a ƙarƙashin tebur. Malam kuwa bai koma aji ba. Idon hagun bai dawo daidai ba, ya ajiye aiki kafin lokacinsa. In ta hango shi a hanya yana tafe da sanda, takan sauya titi.

Kada a ce ta zama salihar mace, ba ta zama ba. Bara waccan wata sabuwar mai figa ta kama tebur a ƙarshen layi, doguwa, mai faɗin kafaɗa, da ɗanta ɗan shekara biyu yana rarrafe cikin gashi, majina har baki. Barkono ta kalle shi kwana ɗaya, ta kalle shi kwana biyu. A na uku ta je ta tsaya a kan matar.

"Ɗauke yaron nan daga nan. Ki kai shi asibiti a duba masa hanci da kunne."

"Ke a wa? Ke kika haifa min shi?"

Barkono ta shuri bahon matar, kaji shida suka watse cikin kwata. Matar ta miƙe, ashe ita ma ba kanwar lasa ba ce. Suka kama kokawa cikin ruwan figa, suka ture keji, kaji suka cika layi suna kuka, masu yanka suna tsalle suna kamawa. Matar ta yi mata ƙulu biyu a kai ta kuma cire mata haƙorin gaba. Duk da haka Barkono ba ta saki wuyan rigarta ba sai da ta rantse za ta je, kuma ita ta raka ta, baki yana jini, suka zauna a benci ɗaya ba mai kallon wata.

Likita ya duba hancin yaron, ya duba kunnuwa biyu, ya ce lafiyarsu ƙalau. Mura ce kawai, za ta wuce cikin sati.

"To, kin ji," in ji matar.

"Na ji," in ji Barkono, tana taɓa gurbin haƙorin da harshe. "Amma dai ki daina ajiye shi kusa da buhun gashin nan."